Rijiyar da Aka Sara a Tudun Aduwa

Dakoro, 12 ga Janairu

Zuwa ga ƙanena Zakiru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Inna na gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko har yanzu burodi da kifin gwangwani kake ci, don a hoton da ka turo wuyanka ya yi tsawo.

Kada ka yi mamakin ganin rubutun hannu. Baba ne ya hana ni sakat. Ya ce shi kunnensa ba ya kama maganar salula, yana son abin da za a karanta masa sau biyu. Shi ya sa na yago tsakiyar kaye, littafin rubutun ƴan ajina, na rubuta, zan ɗauki hotonta in tura maka. Kai ma ka nemi alƙalamin bik ka amsa, mu ga abin da ordinatar, kwamfutar nan taku, ta bar maka na hannu.

To albishirinka, mushe anjiniya, tun da can Faransa haka ake ce wa malam. Rijiyar nan da Intalla, Buzun nan makiyayi, ya roƙi Baba ya gina wa raƙumansa da shanunsa can bayan Azagor, an sare ta tun da aka gama ɗaurin hatsi. Kuma a inda ka nuna lokacin da ka zo hutun bakans aka sara, kan tudu, gindin aduwar nan, ba cikin kwarin da Baba ya fara sa wa ido ba. Ban je ba, amma Mainassara ya ba ni labari tiryan-tiryan, ka san shi ne ke shiga rami tun da gwiwar Baba ta ƙi. Ya ce da Baba ya ɗaga dagi zai yi saran farko, sai ya tsaya ya dubi mutane ya ce: "Wagga ba tawa ba ce. Ɗana ya gano ta da ƙarhen Turawa, shi anka ba sani, ni ginawa kawai zan yi. Rijiyar Zakiru za a ce mata."

Ka dai san abin da hakan ke nufi a gidanmu. Wanda ya zaɓi wuri, sunansa rijiya ke ɗauka har bayan ransa, ta yi ruwa ko ta ƙi. Shekara arba'in Baba na gina, daga Kornaka har kwarin Tarka duk inda ka bi akwai Rijiyar Mahamadu, babu guda da ta bushe masa, kuma bai taɓa ba wani sunan ba sai kai. Ni da na sha rana ina kai masa fura bakin rami, ko guga ba a sa wa sunana ba. Ba komai, Allah na gani.

Ɗan ƙarfen da ka bar masa kuwa ya samu gata. Ya sa an ɗinka masa jakar fata, yana rataye da shi a wuya. Duk ranar kasuwa in ya sauko gida sai ka gan shi a rumfar masu igiya ya ciro shi yana nuna wa mutane, abu kamar farcen babban yatsa da ɗan guntun waya, yana cewa da wannan ake auna ruwan teku. Ni ma ban bar kaina a baya ba, na gaya wa ƴan ajina cewa ƙanen metires ɗinsu, wato ni malamarsu, na ganin ruwa ta cikin ƙasa.

Ga saƙon da ya sa aka ɓata mini kaye. Sun kai zurfin gaba goma sha tara, ƙasa har yanzu ja ce, busassa. Baba ya ce a cikin kwari da tuni an taɓa laima, amma shi bai san sha'anin tudu irin naku ba. Yana tambaya: gaba nawa ƙarfen ya nuna maka? Yana son ya san yawan zoben siminti da za a zuba kafin zafi ya shigo.

Ka amsa da wuri. Kowa na gaishe ka, Allah ya bar zumunci.

Yayarka,
Rahinatu

Brest, 21 ga Janairu

Zuwa ga Yaya Rahinatu,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na samu takardarki, na kuma yi farin ciki da jin kowa lafiya. Ki gaishe mini da Baba da Inna da kyau, ki ce wa Inna na koyi dafa shinkafa da wake, wuyan zai koma. Nan garin kwana tara ke nan ana ruwan sama, mutane sai tsaki suke yi suna buɗe laima.

Tun da kina ba yara labarina, bari in yi miki bayanin aikin yadda yake, don ki faɗa daidai. Jirgin ruwa idan yana tafiya, ruwa na gugar cikinsa yana riƙe shi, kamar yadda igiya ke gugar itacen bakin rijiya har ta yi masa zane. Wannan gugar ce ke shanye babban kaso na man jirgi. Abin da muke ƙerawa, kaftar muke ce masa, ana binne shi cikin fatar jirgi har ya yi daidai da ita. A samansa akwai ɗan faifai da ke motsi idan ruwa ya goge shi, motsin da bai kai kaurin gashi ba, sai waya ta kai labarin ga ordinatar. Da haka ake sanin wane fenti ya fi santsi, da kuma wane gefen jirgi ruwa ya fi riƙewa. Har jiragen da ke tafiya ƙarƙashin teku ana sa musu, su da ruwa ke riƙe da su ta ko'ina.

A labo, wajen gwaje-gwajenmu, muna da wani tafki na siminti cikin rufaffen ɗaki, tsawonsa ya fi daga ƙofar gidanmu zuwa famfon unguwa. Ruwa ne garau, ba mai sha, ba mai wanka. Aikinmu mu ja ɗan jirgin gwaji daga wannan kai zuwa wancan, mu jira ruwan ya kwanta, mu sake. Wata uku ke nan ina fama da kaftar guda da ke ba da lamba daban idan ruwan ya ƙara sanyi kaɗan. Ba zan cika ki da wannan ba.

Game da tambayar Baba, abin yana da ɗan wuyar bayani. Na'urar ba ta faɗin zurfi ƙarara. Kuma ƙasar can ba irin wadda aka saba gwada ta a kai ba ce, don haka ana iya samun kuskure. Shawarata, Baba ya bi abin da idonsa da hannunsa suka gaya masa, ya fi ni sanin ƙasar nan nesa ba kusa ba. Idan ya ga tudun bai yi masa ba, babu laifi a dakata a koma kwari, ni ba zan ji komai ba. Sunan ma da an bar shi a nasa, ni ban cancanta ba.

Ɗan ƙarfen kuma ki lallaɓa Baba ya daina yawo da shi kasuwa, kada ya ɓata.

Aiki ya yi yawa kwanakin nan, wataƙila ki ji ni shiru. Ina gaida kowa da kowa. Ki huta lafiya.

Ƙanenki,
Zakiru

Dakoro, 27 ga Fabrairu

Zakiru,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, in dai lafiyar jiki ce.

Na karanta wa Baba takardarka sau biyu kamar yadda ya so. Wajen labarin tafkin da ba a sha ya girgiza kai ya ce Allah mai iko. Da na zo inda ka ce a koma kwari, dariya ya yi ya ce: "Kunya ce irin ta masu ilimi, ba su son yabon kansu. A ci gaba." Aka ci gaba. Mako biyar ke nan, na kira ka sau shida, ba ka ɗauka ba.

Bari in gaya maka abin da yawan aiki ya hana ka ji. Sun kai gaba talatin da takwas. Sun fasa marmara, sun wuce farar ƙasa, yanzu wani dutse suke sara da ke mayar da dagi. Ranar Litinin aka jawo Mainassara a sume, iskar ƙasan ramin ta ƙare masa. Sai da aka yi ta yi masa fifita ana yayyafa masa ruwa kafin ya buɗe ido, Baba ya sauko da shi gida ya huta. Matarsa Hanatu ta zo gidanmu jiya. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Ta zauna bakin murhu kusa da Inna ta ce: "Inna, ku tambayar muna ɗanku na Turai saura gaba nawa, in san kwana nawa zan ƙara ina kallon hanya." Inna ta rasa inda za ta sa fuskarta.

Intalla kuma ya tsayar da dabbobinsa kusa da ramin, bai bi sauran makiyaya kudu ba, don an ce masa ruwa na tafe. Yanzu tafkuna sun ƙafe, kwana bibbiyu ake kora su rijiyar wasu, inda sai masu ita sun gama shayarwa a ba shi saura. Har ya daina aiko wa Baba da cuku.

Amma abin da ya sa na ɗauki bik shi ne wannan. Ranar kasuwa na bi ta rumfar masu igiya, na ji wani ya tambayi Baba labarin Rijiyar Zakiru. Ka san abin da ya ce? "Wa ya ce ta Zakiru ce? Yaro can gaba ya nuna, ni na matso da ita tudu da kaina. Tsuhwa ce ta kama ni." Baba fa, Zakiru. Mutumin da ko a wasa bai iya ƙarya ba, yana tsaye tsakiyar kasuwa yana jawo busasshen rami yana rataya wa wuyansa. Idan aka rufe shi a haka, Ramin Mahamadu za a ce, kuma shi za a riƙa tunawa, ba sauran rijiyoyinsa ba.

Da muka dawo gida ya shiga wanka ya aje jakar fatar kan tabarma, ni kuwa na buɗe. Ni ba anjiniya ba ce, ƴan shekara bakwai nake koya wa baƙaƙe, amma na san abin da ba shi da batir, wayarsa kuma a gutsure, ba ya magana da kowa. Sai na koma na karanta takardarka ni kaɗai, a hankali. Ka yi mini bayanin fenti da santsi da sanyin ruwa har shafi ya cika, babu inda ka ce abin nan na ganin ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Shawara ka bayar, kamar baƙon da ya tarar da ana aiki ya tsaya kallo.

Tambaya guda nake yi maka, kuma kada ka kewaya da ni bakin teku kafin ka amsa. A ranar nan, me ka gani da ka nuna gindin aduwa?

Jibi Mainassara zai koma ciki. Ya ce shi ba a taɓa ganin bayansa a bakin rami ba.

Yayarka,
Rahinatu

Brest, 28 ga Fabrairu

Yaya,

Assalamu alaikum. Kafin komai, kada Mainassara ya sake shiga ramin nan. Ki tafi yanzu ki gaya wa Baba, sannan ki karanta sauran.

Inuwa na gani, Yaya. Rana ta dafa ni, aduwar ce kaɗai itacen da ke kusa, na nufe ta. Abin da na gani ke nan.

Ƙarfen nan matacce ne. Ya lalace wajen gwaji aka jefa shi kwandon shara, na tsince shi na maƙala a makullina don shi ne na farko da na haɗa da hannuna. Ko da yana da rai, ba ya sanin komai sai ruwan da ke taɓa shi. In kin aza shi bisa murfin randa ba zai san akwai ruwa a ciki ba.

Ga yadda abin ya faru, ba don in wanke kaina ba. A hanyarmu ta zuwa wajen Intalla muka tsaya wata rijiya ana ɗiba. Takarkari, san da ke jan igiya, ya jawo wasaki, babban gugan fata, cike da ruwa, na kai hannu zan taya saukewa, ya fi ƙarfina, igiya ta zare ta yage mini tafin hannu. Aka yi dariya. Mainassara ya kama hannun ya nuna wa mutane ya ce: "Ku dubi hannun ɗan Mahamadu, kamar na jinjiri." Ba da mugunta ya faɗa ba, na sani. Da muka isa ana shan shayi, Intalla ya tambayi Baba abin da nake karantawa duk shekarun nan, Baba ya ce ruwa, ruwan da jirgi ke bi. Intalla ya ce cikin ladabi: "To mu da ba mu da gulbi, mi za ya yi muna?" Na dubi Baba na ga ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da tsinke. Mutumin da ya hana ni riƙe dagi tun ina ƙarami, ya ce hannuna na bik ne, ga shi yau yana jin kunya a kaina.

Sai Intalla ya hangi abin a makullina, ya ce ko wannan na ganin ruwan ƙasa. Kalma guda ta ishe ni, in ce a'a. Na ce e. Na aza shi ƙasa, na ciro salula ina dubawa kamar mai karanta wani abu, alhali ko rezon kiran waya babu. Na kama tafiya, mutum goma na bina a baya, Baba a cikinsu. Muka wuce kwarin da Baba ya taɓa yin kwana uku yana dubawa, inda da safen nan ya nuna mini suri mai laima. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan tafiyar ba, wannan ma dole in faɗa. Da na gaji na tsaya a inuwa na ce nan ne.

Na gaya wa kaina Baba zai gyara bayan na tafi, ai ya san ƙasa. Da takardarki ta farko ta zo na gane bai gyara ba, sai na rubuta miki waccan amsar mai santsi, ina fatan zai ji abin da ban rubuta ba. Kiranki shida duk na gani, ina riƙe da salular har ta daina ƙara. Kullum ina tsaye bakin tafkin nan ina auna gugar da ba ta kai nauyin ƙuda ba, kuma in lamba ta kauce kaɗan nakan rubuta a rahoto cewa ban tabbata ba, don a nan ba a yafe wa mai ƙarya a awo. Amma na bar magidanci mai ƴaƴa huɗu yana saran dutse gaba talatin da takwas a ƙarƙashin ƙasa saboda an yi wa hannuna dariya. Kunya nake ji, Yaya, irin wadda ban san inda zan aje ta ba.

Ina roƙon abu biyu. Ki karanta wa Baba wannan duka, kada ki tsallake ko layi guda. Sannan a kai ta wajen Intalla a karanta gaban duk wanda ya bi ni ranar nan, Mainassara da Hanatu ma su ji. Ga abin da nake son a faɗa da sunana: ni Zakiru ɗan Mahamadu na yi muku ƙarya. Mahaifina kwari ya zaɓa, da an bi shi da yanzu dabbobi na sha. Ramin da ke kan tudu nawa ne, a kira shi da sunana, a bar wa tsoho sunansa. Ina neman gafararku.

Ban san yadda ake gaishe da uba a ƙarshen irin wannan takarda ba. Ki gaishe shi dai.

Ƙanenki,
Zakiru

Dakoro, 4 ga Maris

Ƙanena,

Ina gaishe ka. Mainassara bai shiga ba, ka kwantar da hankalinka ta wannan gefen.

Na bi maganarka. Na bar ajina hannun direktar makaranta na tafi gida da sauri, na tarar da Baba a zaure yana murza igiya. Na karanta masa duka. Na so in tsallake wajen hannun jinjiri, ban tsallake ba. Na zaci zai yi faɗa, ko ya tashi ya bar ni da takarda a hannu, amma bai daina murza igiyar ba har na kai ƙarshe. Sai ya ce in koma inda ka ce abin ba ya sanin ruwa sai ya taɓa shi. Na koma. Ya ce: "Haka ne." Haka kawai, kamar wanda aka gaya wa rana ta fito.

Na ce masa in ya yarda ni zan bi motar Azagor in karanta wa Intalla. Ya ce a'a. Na ce to a ƙone ta ke nan, a bar shi ya ɗauki ramin? Ka san bakina. Na faɗi maganganun da bai kamata ɗiya ta faɗa wa ubanta ba, na ce ya fi son ka da sunansa, ya fi son ka da ran Mainassara. Ya dube ni ya ce: "Kwahe mini ita bisa takarda, da manyan baƙaƙe." Na kwafe. Ya ninke ta ya tura cikin jakar fatar tare da ƙarfen, ya aika aka kira Mainassara, washegari da sassafe suka hau moto mai taya biyu suka yi arewa. Yau kwana uku, can kuma babu rezo. Ban sani ba ko karantawa ya tafi yi ko binnewa.

Hanatu kuwa na je na karanta mata da kaina, wannan ban nemi izinin kowa ba. Tana tankaɗe, ta saurara har ƙarshe, ta ce a gaya maka ta ji. Ba ta ce ta yafe ba, ni kuma ban roƙe ta ba.

Ni ma na yi nawa. Na tsaya gaban ƴan ajina na ce abin da na gaya musu a kanka ba gaskiya ba ne, ƙanena gugar ruwa a jikin jirgi yake aunawa, ba ya ganin komai ta cikin ƙasa. Sai na ji bakina ya ƙara da cewa wannan ma aiki ne mai wuya. Na yi mamakin kaina, don har yanzu haushinka nake ji, kuma zan daɗe ina ji.

In ya dawo za ka ji. Inna na gaishe ka.

Yayarka,
Rahinatu

Dakoro, 9 ga Maris

Zakiru,

Ni Mahamadu ke magana, Rahinatu na rubutawa, na ce ta rubuta yadda na hwaɗa. Ina gaishe ka, ina yi maka hwatan lahiya.

An karanta takardarka gaban Intalla da mutanenshi. Malamin lakwal, makarantar boko ta Azagor, ya karanta, anka juya ta da Buzanci don kowa shi ji. Da ya ƙare na tashi na hwaɗi tawa, ita zan hwaɗa maka.

Ran da ka nuna tudun nan na san babu ruwa. Aduwar ƙanƙararra ce, babu suri kusa, ƙasar na tauna ta ba ta da sanyi. Tun kana bisa hanyar inuwar na sani. Amma na waiga na ga mutum goma na bin ɗana, na so in zama uban mai ganin ruwa. Na ce ma raina ƙila ƙarhen ya hi ni. Da munka kai gaba ashirin na daina cewa haka, kuma ban tsai da gina ba. Kai ƙaryar yini guda ka yi. Ni na sa mutum cikin rami wata huɗu ina sane. Wanga na hwaɗa gabansu, ban iya ɗaga kai ba har na ƙare.

Intalla bai yi hwaɗa ba, ya ce a tahi kwari. Na sa Mainassara gaba ya zaɓi wuri da kanshi, ya zaɓa daidai, shi ya yi saran hwarko. Tashi ce, sunanshi za ta ɗauka.

Ramin tudu mun ruhe bakinshi da itace. Ka ce a ba ka shi, ni ma na ce nawa ne. Ba a ba ka ba, ba a ba ni ba. Kahin mu taso masu kiwo sun sa mishi suna, Ramin Uba da Ɗa suke ce mishi, kuma abin da masu kiwo sunka kira ba mai sauya shi.

In ka zo bakans za ni da kai wajen Intalla. Hanyar ta gaban ramin take bi, za mu wuce shi tare.

Allah shi yi maka albarka.

Ubanka,
Mahamadu